Yadda Ake Gano Tushen Kurakurai a Layin Rediyon Maikirowef

Layin maikirowef hanya ce ta isar da bayanai tsakanin wurare biyu ta cikin iska, inda faifan eriya da ke kan wani turke yake fuskantar ɗan'uwansa da ke kan wani turken, su riƙa musayar sigina a siririn tafarki. Fararen fayafayan nan masu zagaye da ake gani a jikin turakun sadarwa su ne ke wannan aiki. Su ke kwaso kiran waya, saƙonni da hada-hadar intanet daga turken ƙauye zuwa na gaba, gaɓa bayan gaɓa, har su kai inda aka binne wayar faiba.

Fasahar ta daɗe. A shekarar 1931 aka gwada ta a tsallaken mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa, a 1947 kamfanin AT&T ya haɗa biranen New York da Boston da ita, a 1951 kuma layin ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma. A Najeriya ta bunƙasa ne bayan zuwan wayar GSM a 2001, lokacin da kamfanoni suka buƙaci haɗa turaku masu yawa cikin gaggawa. Har yau garuruwa da ƙauyuka da dama a arewacin Najeriya da kudancin Nijar a kanta suka dogara. Shi ya sa idan gaɓa guda ta fara tafka kurakurai, duk turakun da ke bayanta sukan kamu: murya ta riƙa yankewa, mai na'urar POS ya kasa tura kuɗi, jama'a su ce sabis ya ɗauke.

Gyaran irin wannan matsala aikin karanta alamomi ne kafin ya zama aikin hawa turke. Kowane sanadi yana da irin sawun da yake bari a cikin alƙaluman na'ura. Wanda ya iya karanta sawun yakan san inda zai dosa tun bai ɗauki sufana ba.

Sassan layin da abin da ake aunawa

Yawancin layukan yau kashi biyu ne. Akwai akwatin ciki, wanda ma'aikata ke kira IDU, da ke zaune a ɗakin na'urori a gindin turke. Akwai kuma akwatin waje, ODU, da ke manne a bayan faifai can sama. Kebul guda ne ke haɗa su, kuma a cikinsa ne siginar fita, siginar shiga, umarnin sarrafawa da wutar batir ta bolt 48 suke bi. Zangunan da aka fi amfani da su sun fara daga gigahaz 6, 7 da 8 don tafiya mai nisa, zuwa 13, 15, 18 da 23 don matsakaiciya, sai 38 da kuma zangon 71 zuwa 86 don gajeriyar tazara a cikin birni.

Ma'auni na farko shi ne ƙarfin siginar da ta iso, wato RSL, wanda ake lissafawa da dBm. Sigina tana raunana ƙwarai a hanya. A tazarar kilomita 20 kan gigahaz 7, asarar sarari kaɗai ta kai kusan dB 135, kuma duk sa'ad da aka ninka tazarar sai asarar ta ƙaru da dB 6. Don a fahimci girman waɗannan lambobi: raguwar dB 3 tana nufin rabin ƙarfi ya tafi, dB 10 kashi ɗaya cikin goma ne ya rage, dB 30 kuwa kashi ɗaya cikin dubu. Lafiyayyen layi yakan karɓi sigina tsakanin -35 da -50 dBm. Kowace na'ura tana da iyakar da idan sigina ta faɗi ƙasa da ita ba za ta iya tantance bayanai ba. Tazarar da ke tsakanin ƙarfin yau da kullum da wannan iyaka ita ce rarar ƙarfi, kuma masu tsara layi sukan bar dB 30 zuwa 40 don ranar ruwa da iska.

Ma'auni na biyu shi ne tsabtar siginar. Sigina tana iya isowa da ƙarfinta amma a gurɓace. Na'urori suna nuna wannan da alƙaluman MSE ko SNR, waɗanda ke kwatanta siginar gaskiya da hayaniyar da ta cakuɗa da ita.

Na uku shi ne ƙidayar kurakuran kansu. BER yana faɗin ɗigon bayanai nawa ne suka lalace cikin waɗanda aka aiko, kuma kuskure ɗaya cikin miliyan shi ne mizanin da aka saba kafa iyakar na'ura a kansa. Ƙa'idar G.826 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta kasa lokaci kashi-kashi. Daƙiƙar da aka samu ko da kuskure ɗaya a cikinta ita ce ES. Wadda aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ƙunshin bayananta suka lalace, ko sigina ta ɓace a cikinta, ita ce SES. Idan SES goma suka jeru, an shiga lokacin da ake ɗaukar layin a matsayin wanda ya faɗi, wato UAS. Na'urori suna adana wannan ƙidaya a kowane minti 15 da kuma kowane awa 24. Layin da aka tsara ya yi aiki kashi 99.999 cikin ɗari, abin da aka yarje masa na faɗuwa bai wuce minti 5 da 'yan daƙiƙu ba a shekara guda.

Tambayoyi uku kafin a taɓa komai

Injiniyan da ya ƙware yakan fara da jawo tarihin alƙaluman ɓangarorin biyu daga cibiyar sa ido, ya ajiye su kusa da takardar tsarin layin da kuma alƙaluman ranar da aka ƙaddamar da shi. Daga nan sai tambayoyi uku.

Ta farko: yaushe kurakuran ke zuwa? Waɗanda ke zuwa tare da hadari su tafi da tafiyarsa, ruwa ne. Waɗanda ke zuwa tsakar dare zuwa fitowar rana, yanayin iska ne. Masu bin kaɗawar iska suna nuni ga faifai ko turke mai motsi. Masu zuwa da zafin rana suna nuni ga na'urar da ke ɗumama. Waɗanda suka fara rana ɗaya suka zauna daram, wani abu ne ya canja a ranar, sai a bincika wa ya shiga tashar da kuma abin da ya taɓa.

Ta biyu: a ɓangare ɗaya ne ko a duka biyun? Hanyar iska da fayafayan biyu na tarayya ne, sigina mai zuwa da mai komawa duka ta nan suke bi. Saboda haka idan ƙarfi ya ragu daidai wa daida a ɓangarorin biyu, laifin yana hanya ko a faifai. Idan ɓangare ɗaya ne, ana zargin mai aikawa na can, ko mai karɓa na nan, ko wata baƙuwar sigina da ke shigo wa wannan ɓangaren.

Ta uku: ƙarfin ya ragu ko yana nan? Kurakurai tare da faɗuwar RSL matsalar rauni ce. Kurakurai alhali RSL yana inda yake matsalar gurɓata ce, kuma masu jawo ta daban ne: katsalandan, rarrabuwar hanya, kebul, ko na'urar da ta fara lalacewa.

Ruwan sama

Ɗigon ruwa yana shanye sigina yana kuma warwatsa ta, kuma illar tana tsananta daga gigahaz 10 zuwa sama. Ruwan da ke zuba milimita 50 a awa yana cin kusan dB 6 zuwa 7 a kowace kilomita kan gigahaz 23, amma kan gigahaz 7 abin da yake ci bai kai dB 1 ba. Abin lura shi ne ƙarfin zubar ruwan a ɗan lokaci ne ke kayar da layi, ba jimillar ruwan shekara ba. Don haka yankin Sahel, duk da gajartar daminarsa, bai tsira ba, domin ruwansa yakan sauko da ƙarfi lokaci guda.

Sawun ruwa a bayyane yake: RSL ya nutse a ɓangarorin biyu cikin 'yan mintuna, ya jima kaɗan, ya dawo da kansa. Na'urorin zamani suna da dabarun kare kai biyu. ATPC yana ƙara ƙarfin aikawa idan ɗaya ɓangaren ya ce sigina ta yi rauni. ACM kuma yana sauko da salon ɗora bayanai daga mai ɗaukar kaya da yawa, kamar 4096QAM mai ɗigo 12 a kowace alama, zuwa mai juriya kamar QPSK mai ɗigo 2. Layin ba ya faɗuwa, amma faɗinsa ya tsuke, sai cunkoso ya sa a riƙa zubar da bayanai. Wannan kan ruɗi mai bincike, domin zai ga asarar bayanai ba tare da kuskuren rediyo ko ɗaya ba.

Idan layi yana faɗuwa a ruwan da bai taka kara ya karya ba, tambayar ita ce ina rarar ƙarfinsa ta tafi. Sau da yawa an riga an yi asarar dB 10 ko 15 tun da rani, ba wanda ya lura, damina ce kawai ta tona asiri. Idan kuwa rarar tana nan cif amma ba ta isa ba, tsarin ne ya gaza. Maganinsa faifai mafi girma, ko zango mafi ƙasa, ko raba gaɓar biyu, ko juya siginar daga kwance zuwa tsaye. Ɗigon ruwa yakan baje yayin faɗowa, faɗinsa ya fi tsayinsa, shi ya sa ya fi cin siginar da ke kwance.

Iska, hunturu da rarrabuwar hanya

A dogayen layuka masu ƙananan zanguna, babban abokin gaba shi ne yanayin iskar kanta. Sigina ba ta tafiya miƙe sak, tana ɗan lanƙwasawa gwargwadon zafi, danshi da nauyin iska. Idan dare ya yi tsit, ƙasa ta huce, iska takan jeru hawa-hawa, kowane hawa da zafinsa da danshinsa. Sai sigina ta rabu, wani ɓangare ya bi hanya miƙaƙƙiya, wani ya lanƙwaso daga sama, ko ya dawo daga fuskar ruwa. Idan suka haɗu a faifai ba a jere ba, sai su soke juna. Hakan ya fi faruwa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, da kan tafki, madatsar ruwa, fadama ko gonakin shinkafa.

Sawunsa shi ne nutsewa mai zurfi da sauri, ta daƙiƙu kaɗan, tana maimaituwa daga tsakar dare zuwa fitowar rana. Wani lokaci ma RSL yakan haura sama da yadda aka saba kafin ya faɗo. Wani lokacin kuma yanki kaɗan na zangon ne ke nutsewa, sai a ga ƙarfi bai ragu sosai ba amma MSE ya lalace.

A Afirka ta Yamma ana yawan ɗora wa ƙurar hunturu laifi. A waɗannan zanguna, abin da ƙura kanta ke ci kaɗan ne idan an kwatanta da ruwa. Abin da ya fi tasiri shi ne busasshiyar iskar arewa da ke hawa kan iska mai danshi, musamman lokacin sauyin yanayi, ta haifar da hawa-hawan da ke karkatar da sigina. Canja na'ura ba ya maganin wannan. Abin da ke taimakawa shi ne ƙara faifan karɓa na biyu, sama ko ƙasa da na farko da mitoci da dama, domin da wuya su biyun su nutse lokaci guda. Akan kuma ɗan ɗaga fuskar faifai sama don ya kauce wa siginar da ke dawowa daga ƙasa.

Abin da ya tare hanya

Ganin turken can da ido bai wadatar ba. Sigina tana buƙatar fili kewaye da layin gani, wanda ake kira yankin Fresnel, kuma ƙa'ida ita ce a bar aƙalla kashi 60 cikin ɗari nasa a buɗe. A layin kilomita 20 kan gigahaz 7, wannan yanki yana kai kusan mita 15 daga tsakiyar layi a rabin hanya, wato ana buƙatar sarari na kusan mita 9. Ga kuma tudun doron ƙasa, wanda a wannan tazara yake ƙara kusan mita 6.

Raguwar da ke tafiya sannu a hankali cikin watanni ko shekaru, a ɓangarorin biyu, yawanci bishiya ce ta girma. Darbejiya ko mangwaron da ba a damu da shi ba ranar kafa layi yana iya shiga hanya bayan 'yan shekaru, kuma illar takan ƙaru da damina idan ganye ya cika ya jiƙe. A birni kuwa sabon bene, tankin ruwa, allon talla ko ƙugiyar gini ne ke jawo raguwa kwatsam. Bin hanyar da ƙafa da na'urar hangen nesa ne ke tabbatar da wannan.

Karkacewar faifai

Tafarkin siginar siriri ne ƙwarai. Faifai mai faɗin mita 1.2 kan gigahaz 15 yana harba sigina a kusurwar da ba ta wuce digiri ɗaya da 'yan kai ba. Guguwar farkon damina, kusoshin da suka saki, ko wani ma'aikaci da ya taka maƙallin faifai yayin hawa, duk sun isa su kautar da shi. Idan RSL yana rawa tare da iska, a duba sandar tallafi da ƙarfin turken.

Akwai kuskuren saiti guda biyu da lambobi ke fallasawa. Kewaye da babban tafarki akwai ƙananan tafarkuna, kuma mai saiti yana iya kama ɗaya daga ciki ya ɗauka ya iso. Alamarsa ita ce RSL ya tsaya kusan dB 20 ƙasa da lissafi. Na biyu shi ne siginar ɓangare ɗaya ta kasance a tsaye, ta ɗayan a kwance, wanda ke cin dB 20 zuwa 30. Wajen sake saiti ana kashe ATPC, a jona mitar awon wuta a kafar awo ta ODU, a juya faifai ɗaya kawai a lokaci guda, a ratsa hagu zuwa dama gaba ɗaya har a ga ƙananan tudu biyu da babba a tsakiyarsu, sannan sama da ƙasa. Ana ɗaure kusoshi ido na kan mita, domin ɗaurin kansa yana iya jan faifan.

Katsalandan

Idan ƙarfi yana nan lafiya amma tsabta ta lalace, kuma a ɓangare ɗaya, ana zargin baƙuwar sigina. Gwajin mai sauƙi ne: a rufe bakin mai aikawa na can ɓangaren, a duba abin da na nan yake ji. Ya kamata RSL ya faɗi warwas zuwa wajen -90 dBm. Idan ya tsaya a sama da haka, wani ne ke magana a zangon. Dole a sa wa rufewar lokacin buɗe kanta, in ba haka ba za a rasa hanyar isa ga na'urar can, sai an je da mota.

Mai katsalandan yana iya zama wani kamfani da ke kan turke ɗaya, ko layin da aka kafa ba lasisi, ko ma layin kamfanin kansa: siginar gaɓa ta farko ta tsallake ta faɗa faifan gaɓa ta uku mai zango iri ɗaya. Shi ya sa ake tsara dogon layi a karkace maimakon a jere. Na'urar tantance zango tana nuna inda baƙuwar take da faɗinta. Idan ta wani ce, hukumar da ke rabon zango ce ke raba gardama, NCC a Najeriya, ARCEP a Nijar.

Kebul, wuta da na'ura

Kaso mai yawa na kurakurai daga gindin turke zuwa bayan faifai suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: mahaɗin kebul da ba a naɗe shi da kyau ba, ko wanda rana ta busar da naɗinsa, shi ne ƙofar ruwa. Da yake a ODU ake auna RSL, lalataccen kebul ba ya rage shi. Abin da ake gani shi ne kurakurai jefi-jefi, da ƙararrawar yankewar magana tsakanin IDU da ODU, kuma matsalar takan ci gaba bayan an ɗauke ruwa. Wannan ne ya bambanta ta da dusashewar ruwan sama. Na'urar awon kebul tana faɗin a mita ta nawa laifin yake.

Wuta ma abar dubawa ce. Idan kurakurai suna zuwa daidai lokacin da janareta ke karɓa, ko batura suka yi ƙasa har ODU ya riƙa mutuwa yana tashi, rediyon ba shi da laifi. Wayar ƙasa da ta tsinke ko aka sace tana buɗe ƙofa ga hayaniya da ɓarnar tsawa. Fankar da ƙura ta toshe da na'urar sanyaya ɗaki da ta mutu sukan kawo kurakuran tsakar rana a bazara.

Don ware sashen da ya lalace, ana mayar da sigina gida mataki-mataki: a kafar shiga, sannan a cikin IDU, sannan a ODU, sannan daga can ɓangaren. Matakin da kurakurai suka fara bayyana shi ne ke ɗauke da laifin. A layin da ke da na'ura biyu, ɗaya na jiran ɗaya, sauya aiki zuwa ta biyu yana ba da amsa nan take.

Idan rediyon tsaf yake

Wani lokaci ƙidayar rediyo ba ta nuna komai, amma bayanai suna lalacewa. Nan sai a koma kafofin da ke haɗa rediyon da sauran na'urori. Kurakuran CRC suna nuni ga wayar netwok da ta lalace, ko kan faiba mai datti, ko kafofi biyu da saitinsu bai yi daidai ba. A tsofaffin layukan E1 masu gudun megabit 2.048, saɓanin agogo tsakanin na'urori yana jawo zamewar bayanai a tazarar lokaci iri ɗaya, kuma wannan daidaito shi ne alamarsa. Ƙararrawar AIS kuwa saƙo ne cewa matsalar daga sama ta gangaro, ba a wannan tashar take ba.

Kammala aiki

Ana canja abu ɗaya a lokaci guda, a rubuta alƙaluman kafin canjin da na bayansa. Gwajin da zai yanke zirga-zirga ana yin sa cikin dare da izinin cibiyar sa ido. Mai hawa turke yana hawa da ɗamarar tsaro, ba ya tsayawa gaban faifan da ke aiki, kuma ba a hawa idan hadari ya taso. Bayan gyara ana goge ƙidaya, a bar layin aƙalla awa 24 ana kallo, a tabbatar RSL ya dawo kusa da lissafin asali da bambancin da bai wuce dB 2 zuwa 3 ba. Idan matsalar mai bin yanayi ce, ba a rufe fayil ɗinta sai layin ya ratsa irin wannan yanayin lafiya. Sababbin alƙaluman, hotunan mahaɗai da bayanin abin da aka canja suna shiga kundin tashar, domin da su za a kwatanta duk wani sauyi da zai biyo baya.